Sakiyar da Aka Yi wa Ƙafar Baba

Ko na tsufa na zubar da haƙora, ba za ni manta da ranar da aka yi wa ƙafar Baba sakiya ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wani ƙulli ne ya fito masa a ƙauri. Na kai shi asibiti a Sakkwato, suka ce ciwon daji ne, suka yanke ƙullin. Da za a sallame mu, likita ya tambaye ni ko muna noman gero. Na ce a garinmu Unguwar Lalle me za mu noma in ba shi ba? Ya ce to na san ƙuduji, ciyawar nan mai kashe gero, irinsa kan kwanta cikin ƙasa shekara da shekaru, sai ya ji saiwar gero kusa ya tsiro. Haka daji yake. Yana da 'yan ƙwayoyi kamar iri masu tsere wa wuƙa, kuma kumburin da ya daɗe yakan aika musu saƙo su farka su hayayyafa. Kada a tsokani wurin, mu dawo a fara allurai.

Wallahi sau uku na maimaita wa Baba da matan gida wannan bayani. Sai 'yan bindiga suka tare hanya, tafiya ta gagara. Ran nan na dawo daga kasuwa, tun daga zaure na ji ƙauri. Baffa, ƙanen Baba, ya kawo wanzami, an ɗora jan ƙarfe a kan tabon, ana shafa magani mai cin fata.

Na ce, "Haba Baffa, don mi kuka yi haka?"

Ya ce, "Ke, yi muna shiru! Daji ba ya son allura. In ya kumbura ya yi ruwa, ciwon ne ke fita."

Ku ji fa! Wata biyu, da miki ya fara bushewa sai su sake tayar da shi. Na yi kuka, na yi faɗa, aka ce boko ya ɓata ni.

Da hanya ta buɗe muka koma asibiti, ƙulli uku ne a wurin. Likita ya ce ba zai rantse sakiyar ce kaɗai ba, jinkiri ma ya yi nasa. Aka yanke ƙafar daga gwiwa.

Yanzu Baffa ke nome gonar Baba, yana cire ƙuduji, ba ya iya haɗa ido da ni. Ni ma ina da laifi, kowa na yi wa bayani ban da shi. Tun daga nan, in za ni kai mara lafiya asibiti, sai na tafi da wanda ake jin maganarsa a gida, ya ji da kunnensa.