Wayar Tagulla a Taraktar Baffa

Jiya wani mai babur ya ƙona wayoyin babur ɗinsa a ƙofar gidana. Warin robar nan ya shigo har zaure, na aje goron da ke hannuna, ban ƙara ɗaukarsa ba.

Ku sani, ni ɗan lakol ne, wato makarantar boko. Shekara uku cur na yi a aji a Cadawa kafin mushe, malamin ajinmu, ya gaji da ni, kuma a garinmu lokacin wannan ya isa a kira mutum malami. Kada ku yi dariya. Har wasiƙa ake kawo mini, in karanta rabi, in cika sauran da hankalina.

Ƙungiyar manoma tana da tarakta guda ɗaya, ja, kuma baffana, ƙanen babanmu, shi ne direbanta. Ƙarƙashin sitiyari akwai ɗan akwati mai wasu 'yan abubuwa kamar ƙwayar dabino, yana ce musu fizibil. Kowane da siririyar waya a cikinsa. In wutar batir ta yi yawa, siririyar ta tsinke, wuta ta tsaya nan, sauran wayoyi su tsira.

A wata damina aka yi ruwan shuka, layin tarakta ya zo kan gonar gyaɗar babanmu. Ranar tarakta ta ƙi tashi. Baffa ya sa sabon fizibil, ya tsinke. Ya sa na ƙarshe, ya tsinke. Da yake taraktar ta yi rani kusa da rumbu, ya ce ɓera ne ya gwigwiyi wata waya tana taɓa ƙarfe.

Babanmu ya ce, “Kai ma dai, abin da ke mutuwa kullum me za ka yi da shi? Sa mai ƙarfi mana!”

Baffa ya ce, “Yaya, mutuwar ita ce aikinsa. Bari in je Agiye in sayo, in dawo in nemi ciwon.”

Ya hau jaki ya tafi. Rana ta take, danshin ƙasa na gudu muna kallo. In ya wuce, layi ya koma kan wani, gyaɗar bana kuwa sai dai labari. Babanmu ya yi ta zagaya taraktar, can ya dube ni.

“Malam na lakol, ba a koya muku komai a kan wannan ba?”

An koya mana. Mushe ya taɓa cewa tagulla na ɗaukar wuta. Abin da ya faɗa bayan nan ban ji ba, ina cin aya. Na ciro wayar tagulla mai kauri daga eriyar rediyon babanmu, na lanƙwasa, na cusa a gurbin. Babanmu ya murɗa makulli. Fitila ta kama, dattawan da suka taru suka yi kabbara. Kafin su rufe baki hayaƙi ya turnuƙe, wayoyin suka narke kamar man shanu. Da yashi muka kashe wutar.

Baffa ya dawo da la'asar da fizibil biyar a aljihu. Ya zaro tagullar, ya juya ta, ya dubi babanmu, ya dube ni. Da mutanen ƙungiya suka zo bincike, ya ce shi ya sa da hannunsa. Suka karɓe makulli. Da hauya muka shuka gyaɗar, a makare, ba ta yi ba. Bayan kaka baffa ya tafi ci-rani kudu, can aka binne shi.

Yanzu kowane gida akwai farantin hasken rana, jikokina na haɗa waya da haƙori. In na daka musu tsawa sai su ce, “Kaka injiniya ya tashi!” Ina barinsu su yi dariyarsu. Duk wanda ya kamata in je in faɗa wa cewa ni ne, ya riga ni kwanciya.