Inda Na Ce Na Kama Ragon Ruwa

Duk mai fatsa maƙaryaci ne a kan abu guda: wurin da ya kama kifi. Ni ma haka nake, kuma abin bai taɓa damuna ba sai wata Asabar.

Muna da guruf a waya, mu wajen ashirin, masu zuwa bakin kogi ƙarshen mako don nishaɗi. Wanda ya kama sai ya turo hoto, a yi ta musu ko tana ce ta fi jan tarwaɗa ko hanjin kaza. Ran Juma'a na kama kifi ragon ruwa mai tsawon hannuna, na tura hotonsa. Nan take aka ishe ni da tambaya, ina ne, ina ne. Haba, wurin da na shekara biyu ina ɓoyewa zan miƙa wa mutum ashirin? Sai na rubuta cewa ƙasan inda ake haƙar yashi ne, a shiga ruwa iya gwiwa a jefa ƙugiya can tsakiya. Aka yi ta dariya, don duk ɗan gari ya san wurin. Ruwan a kwance yake lumui, amma taku uku ƙafa za ta rasa ƙasa, rami ne da masu yashi suka bari, mai shanye dogon mutum.

Na manta akwai baƙo a cikinmu. Wani dattijo ne, tsohon malamin makaranta daga Filato, da ya dawo wurin 'yarsa a Sabon Tasha bayan rasuwar matarsa. Ba ya magana a guruf, karantawa kawai yake yi, kuma duk shawarar da aka bayar yana riƙe ta kamar darasi. Ya taɓa gaya mini bai iya iyo ba.

Da safen Asabar ina shan shayi saƙonsa ya shigo, na farko da ya taɓa turowa. Hoton ruwan ne, da kwale-kwalen yashi a gefe. Ya rubuta cewa ya gode, ya iso, zai shiga iya gwiwa yadda na ce. Nan take na ajiye kofin shayin. Na kira, ba a ɗauka. Na tare keke napep da silifa a ƙafata, cunkoson kasuwa ya riƙe mu, ina ta masifa da direban da bai yi mini laifin komai ba.

Da na isa, takalmansa na fara gani, a jere a kan yashi, wayarsa a cikin ɗaya, gwangwanin tana a gefe. Ruwan kuwa ko motsi babu. Tsoron da na ji a wurin nan ban taɓa jin irinsa ba. Sai wani mai yashi ya ɗago mini hannu daga nesa. Ashe sun tsamo dattijon da sandar gora, yana kwance yana amayar da ruwa.

A asibiti 'yarsa ta yi ta sa mini albarka don na zo da sauri, ni ko na kasa ɗaga ido. Da ya samu numfashi ya dube ni.

"Malam, ka taɓa kama kifi a wurin nan?"

"A'a, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce wa 'yarsa ta raka ni bakin ƙofa. Da yamma ya fita daga guruf ɗin.