Baba Laraba da Famfas Ɗin Ɗana

Sau uku ke nan ina hango Baba Laraba, tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita a Ƙafin Maiyaki, tana tsince famfas ɗin ɗana a bola tana cusawa a buhu. Wanda ya riga ya ɓata fa!

Hankalina ya tashi, don kun san abin da ake cewa ana yi da kayan jarirai. Ga yaron kwana biyu yana zazzaɓi. Har na tuna ranar suna ta yaba ƙibarsa ba ta ce tubarkalla ba.

Yau da safe na tare ta, ko gaisuwar kirki ban yi ba.

"Baba, me kike yi da kashin ɗana?"

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Binnewa nake, 'yar nan. Akuyata mai ciki da aka yanka wancan makon don kada ta zama mushe, abin nan naku aka samu cunkushe a tumbinta. Saura awaki biyu gare ni. Mu da muka reni 'ya'ya tara da tsumma, dabbar wa muka taɓa kashewa?"

Ba zan ɓoye muku ba, sai da na bi ta na ga ramin da idona. Na dawo gida na yayyanka tsohon zanena na yi wa yaron tsumma.

Ina ta neman mai cutar da ɗana, ashe ni ce mai cutar da maƙwabciya. Iyaye mata, ku ina kuke zubar da naku?