Yadda Na Zama Mai Kiwon Jatan Lande a Cheras

Muna cikin shekara ta biyu a Cheras, wata unguwa a ƙasar Malesiya, kirefish ɗina, wato busasshen jatan landen miya, ya ƙare. Wanda na ƙullo daga Kaduna na yi ta lallaɓa shi cokali-cokali har na kaɗe gindin robar, kuma ba mu san kowa da zai zo daga gida kafin Kirsimeti ba. Maigidana yana koyarwa a wata kwaleji, ni kuwa ina digiri na biyu. Shi bai damu ba, abin da aka sa masa a faranti shi yake ci. Ni ce miyar agushi ta daina yi wa daɗi.

Wata Asabar da hantsi na ga takarda manne kusa da lif ɗin gininmu. An rubuta sunan kirefish ɓaro-ɓaro da Turanci, an ce kyauta ne, mai so ya zo hawa na sha huɗu. Akwai ƙarin bayani a ƙasa da ƙananan baƙaƙe, amma ban tsaya karantawa ba. Na koma ɗaki na ɗauko babbar robar miya mai murfi na hau.

Wata tsohuwa 'yar asalin Sin ce ta buɗe mini, gajeriya, da tabarau rataye a wuya. Na sha ganinta a kasuwar safe, kowa Anti yake ce mata. Falonta ba kujerun kirki, sai akwatunan gilashi cike da ruwa jere a bango, injinan iska suna ta gurnani. Ta ja ni gaban ɗaya ta nuna mini. A bakin wani guntun bututu wata halitta ce zaune, tsawonta kamar tafin hannuna, jikinta irin na jatan lande, hannayenta irin na ƙaguwa. Bayanta shuɗi ne da ruwan hoda, da ɗigo-ɗigon fari kamar an watsa mata gishiri. Ban taɓa ganin atamfar da ta kai ta kyau ba.

Anti ta dubi robar da ke hannuna, ta tambaye ni ko a ciki nake nufin in ajiye su, domin ta yi musu ƙanƙanta. Da na gaya mata gaskiya sai ta dafe ƙirji, sannan ta yi ta dariya har ta zauna a kan bokiti.

“Wannan ba na makan ba ne, lah,” in ji ta, wato ba na ci ba. “Zauna, 'yata, in ba ki shayi.”

A kan shayin ta ba ni labari. Ta yi shekaru tana koyar da kimiyya a firamare kafin ta yi ritaya. Wannan irin jatan landen ba na Malesiya ba ne, daga wasu ƙananan rafuka yake a tsibirin Papua. Saboda kyansa masu kiwon kifin ado suke rububinsa, mutanen can kuma suna ta kwasowa daga rafi ana lodawa zuwa ƙasashe, har ya soma wuyar gani a inda Allah ya halicce shi. Ta ce ita ba ta da ƙarfin hana kowa kamu. Abin da take iyawa shi ne ta hayayyafa su a gida ta kai wa masu shago, don duk wanda ya sayi na gida an bar ɗaya a rafi ke nan. Gwiwoyinta sun fara ba ta matsala, shi ya sa take neman masu taya ta.

Kunya ce ta sa na karɓi biyu, mace da namiji. Ta haɗa mini da tsohon akwatin gilashi, da guntayen bututu don ɓuya, da dokoki masu yawa: kada in zuba ruwan famfo sai ya kwana, kada in cika musu abinci, kada in bar murfi a buɗe. Abincinsu dafaffen karas ne da busasshen ganye. Da maigidana ya dawo ya ga akwatin a inda muke ajiye takalma, ya ce bai san an fara ba kayan miya ɗaki da abinci ba. Bai fi mako ba na kama shi durƙushe gaban gilashin yana yi wa namijin faɗa a kan ya bar matar mutane ta ci abinci.

Ranar da na fi shan wahala ita ce wata Talata da safe. Na leƙa sai na ga macen kwance a gefe, ba motsi, jikinta ya yi fari-fari. Na sa cokali na ɗago ta, ba nauyi ko kaɗan. Na naɗe ta a tishu na hau hawa na sha huɗu ina share hawaye, ina tsara yadda zan ba da haƙuri. Anti ta buɗe tishun, ta sa tabarau, ta ce in koma in duba cikin bututu. Ashe saɓa ta yi, kamar maciji. Tana ciki lafiya ƙalau, sabuwar rigarta har ta fi ta da haske. Anti ta ce in mayar mata da tsohuwar, za ta cinye abinta don ƙarfin jiki.

Bayan 'yan watanni macen ta daina fitowa, ta naɗe wutsiya. Da na haska sai ga ƙwai cunkushe a ƙarƙashinta kamar 'ya'yan gero. Muka raba ta da namijin. Makonni muka yi muna jira, maigidana yana turo saƙo daga wurin aiki yana tambaya ko an sauka. Da suka ƙyanƙyashe, 'ya'yan ba su fi ƙwayar shinkafa ba, suna maƙale da uwar, daga baya suka watsu. Matsalarsu ɗaya, in ba wurin ɓuya manyan cinye ƙananan suke yi. Maigidana ya sayo bututun ruwa ya zauna a baranda yana yankawa ƙanana-ƙanana da zarto, maƙwabta suna zaton aikin famfo ya koma.

Nan da nan gidan ya cika. Na kai kukana zumuntar mata bayan sujada, sai wata 'yar'uwa daga Jos, ma'aikaciyar jinya da ke zaune a Danau Kota, ta ce ai abu mai sauƙi ne, akwai tafki a unguwarsu, a juye rarar a ciki su ma su sha iska. Na ga shawarar ta yi kyau, har na gaya wa Anti da murna. Ranar kaɗai na ga ta ɓata rai.

“Ko ɗaya kada ki saka,” ta ce. “A rafinsu abin tausayi ne, a namu ɓarayi ne. Za su cinye ƙwan kifinmu da ƙananan ƙaguwarmu. Ki kawo mini ita wannan ƙawar taki.”

Na kawo ta Asabar ta gaba. Ta shigo tana cewa minti goma kawai za ta yi, sai ga shi ta kai azahar tana tsugune gaban gilashi. Daga nan mu uku muka tafi shagon wani mai sayar da kifin ado, ɗauke da nawa na farko guda ashirin da wani abu. Mutumin ya ɗaga su a haske ya duba ɗaya bayan ɗaya. Ya ce na gida sun fi jure ruwan birni, ba sa mutuwa a hannun masu saye kamar na rafi, don haka in za mu riƙa kawowa ba fashi, zai daina yin odar na waje. Anti ta tambaye shi ko da gaske yake. Ya ce boleh, wato ya yarda.

Da yamma na raka 'yar'uwar tashar jirgin ƙasa. Tana rungume da bokiti mai murfi, mace da namiji a ciki, ruwan yana ta ƙara duk takun da ta yi. Wani ma'aikacin tashar ya tsayar da mu ya ce a buɗe ya gani. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ciro waya ya ɗauki hoto, ya tambaye mu ko suna cizo. Na nuna masa tabon da ke babban yatsana. Ya yi dariya, ya buɗe mata babbar ƙofar masu kaya ta wuce.