Jarumin da Ke Ban Ruwa

A tashar Birnin Kebbi, Hanifa tana zaune a benci tana jiran motar Argungu ta cika. Kusa da ita wani dattijo ne mai koɗaɗɗiyar hula, lakar fadama ta bushe a dugadugansa. Ya riƙe waya da hannu biyu, yana buga wasan takubba da dodanni, fuskarsa ba yabo ba fallasa.

Ya lura tana leƙe, amma bai ɗago ba.

"Ɗiyata ta sa mini shi kafin ta tafi karatu," in ji shi. "Wai wasu masu buga wasan ne suka yi mai ƙari. Yanzu jarumin shina jin yunwa, kuma shina iya noma."

"Baba, ya ka same shi?"

"Ƙasar na da kyau, dodannin ne sun yi yawa. In za ki fara, ki gaida kowa a ƙauyen, akwai mai ba da iri. Kada ki shiga kogo da yunwa. Kuma ki adana wasan kafin ki yarda da boka."

Hanifa tana tsammanin gidansa ya yi shiru tun tafiyar yarinyar, kuma wasan nan ne abin hirarsu a waya.

Sai ga wani dodo ya sauka yana ƙona ƙauyen. Dattijon ya juya jaruminsa, takobi a kube, ya nufi gona ban ruwan albasa.

"Wannan sai ta kira," ya ce. "Mun yi da ita tare za mu kashe shi."