Zagin da Kwamla Ya Roƙa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Kwamla Ɗan Togo, ɗan wasan barkwancin nan da ya hana mutanen Gusau da Tsafe da Bungudu cin kasuwa cikin natsuwa. Masu karatu su yi mini afuwa in rubutun ya karkace. Ilimina na ajin yaƙi da jahilci ne, kuma ni da jahilcin kunnen doki muka yi, kowa ya kama hanyar gida.

Mahaifinsa mutumin Togo ne. Jirgin ƙasa ya sauke shi Gusau da akwatin gyaran agogo, bai sake hawa ba. A nan aka haifi Kwamla, ya tashi yana zuwa coci ran Lahadi, sauran kwana shidan yana tsokanar bayin Allah. Ni kuwa Tanimu ne, mai facin keke a Tsafe. Mun haɗu lokacin da ake ɗibar 'yan wasa a bayan lori, ana zagaya kasuwanni don wayar da kan jama'a kan tsafta. Shi ne duba-gari, ni ne maigidan da ake dubawa. Zai shigo da gajeren wando da hular kwano da ta fi ƙarfin kansa, ya leƙa randa, ya buɗe ƙwaryar fura, ya ce sai ya ɗanɗana ya ji ko da cuta. Kafin ya gama bincike ƙwarya ta koma kamar an wanke, sannan ya kama ni da laifin barin kaya a buɗe. A Kucheri na ga wata tsohuwa ta jefe shi da takalmi tana hawayen dariya. Daga baya har rediyo da talabijin aka kira shi Sakkwato. Ya je ya dawo da hular nan tasa, ko sabuwa bai sayo ba.

Wata rana muna dawowa daga Kekun Waje, wani Bafulatani da wani Babarbare suka kama zagin juna cikin lorin. Wannan ya ce kai bawana ne, wancan ya ce kakanka ma mu muka raine shi. Kun san wasan, ba faɗa ba ne. Kowa na dariya ban da Kwamla. Da muka sauka Bungudu ya ja ni gefe.

"Tanimu, wa ke da ikon zagina ƙasar nan?"

Na ce, "Wa zai zage ka? Kowa na ganin girmanka."

Ya ce, "Ciwon ke nan. Baƙo ake yi wa haka. Kowace ƙabila da abokan wasanta, ni ba ni da ko ɗaya. In na mutu shiru za a rufe ni, kamar an aje kaya."

Nan take na yi bincike mai zurfi, na gano cewa tun zamanin kakanni mutanen Togo bayin mutanen Tsafe ne. Kada malaman jami'a su wahala neman littafin, ni kaɗai na karanta shi. Kwamla ya ce na riƙe littafin a juye ne. Muka yi shekaru muna wannan gardama. Ya kuma sa na yi alkawari: in ya riga ni, in tsaya gaban jama'a in wanke shi tas, yadda abokan wasa ke yi wa nasu a gidan makoki.

Ranar ta zo, na kasa. Na tsaya bakin kabari a maƙabartar Kiristoci, zagin na nan a bakina, amma ya ƙi fita. Abin da ya fito kawai shi ne "Allah ya ba da haƙuri." Aka rufe shi cikin ladabi da girmamawa, wato daidai abin da ya guda.

Da zai leƙo yau, da ya sha kallo. Gusau ta zama babban birni, jiharmu ko yaye ba a yi mata ba, amma duk wanda ka taka a hanya darakta ne. Wasan kwaikwayo ya koma cikin kaset, ana haya kamar keke. Na tabbata da ya nemi rigar darakta ya shiga ofis duba fura. Sai dai akwai abin da ba zai ba shi dariya ba.

Kwanakin baya ɗiyarsa Afi ta same ni a rumfata. Ta gama makarantar horon malamai, tana neman aikin koyarwa a Bungudu, an ce sai da takardar shaidar 'yar jiha, in ba haka ba a ba wani gurbin. Na sa babbar rigata na bi ta ofishin da ake ba da takardar. Jami'in matashi ne mai ladabi. Ya dubi sunan mahaifinta, ya ce, "Baba, ai wannan ba sunan nan ba ne. Ɗan ina ne?"

Ban san lokacin da zagin nan ya kuɓuce mini ba.

Na ce, "Ɗan ina? Bawana ne! Ɓarawon fura, mai ƙafa kamar muciya, wanda ya shekara talatin da wando guda! Ko gadon kirki bai bar mini ba sai hular kwano!"

Yaron ya miƙe. "Subhanallahi, Baba! Mamaci kake zagi, gaban ɗiyarsa?"

"Nawa nike zagi. Ka taɓa jin an yi wa baƙo haka?"

Sai wani dattijo daga cikin layi ya ce, "Duba-gari ake magana? Wanga mutum ya sa matata ta daina aje fura tsakar gida!" Wata mata ta ce ita takalmin uwarta har yau bai dawo ba. Ofis ya kaure, kowa na kawo ƙararsa. Jami'in ya dube mu ya dubi Afi, wadda ke dariya tana share ido da gefen gyale. Ya zauna, ya jawo hatimi.

Ba kaset ko ɗaya da ya kama Kwamla, hular ma asu ya fara ci. Abin da ya rage shi ne a Kucheri har gobe, in baƙo ya cika buɗe-buɗen kwanuka, sai a ce masa, "Kwamla, rufe mana." Ga kuma malama Afi tana koyar da 'ya'yan manoma a Bungudu.

Na makara da shekara goma sha ɗaya, amma ga shi na cika, har a jarida. Kwamla, bawan mutanen Tsafe, mai cikin randa, ka tafi ka bar ni ba wanda ke rama mini. Littafin nan kuwa, a daidai na riƙe shi.