Cinikina da Mai Makulli

"Shekara guda," na ce mata. "Duk takardar da ofishinku zai buga, da fotokwafi da ɗinkin littafi, kyauta. Har tawada a wuyana."

Tana zaune a bencin shagona, jaka a kan cinya, ruwan da na ajiye mata ko kallonsa ba ta yi ba. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Baba, ni ba sayayya na zo yi ba."

"To shekara biyu."

"Ko goma ka ce, amsar ɗaya ce. Ga nawa tayin. Za ka rubuta da hannunka cewa kai ka ɗauki makullin 'yarka Auta ba da saninta ba. Za ka lissafo duk wanda ka ba. Ranar Laraba ka tsaya gaban kwamiti ka maimaita da bakinka. Ni kuma zan tsaya wa yarinyar nan, zan kuma san yadda zan yi da kamfani su buɗe mana ƙofa."

"Malama, in na yi haka ai shagon nan za su karɓe."

"Mai yiwuwa. In ba ka yi ba, digirinta za su karɓe. Ka duba wanda ya fi maka sauƙin sakewa."

Shekara arba'in ina ciniki, ban taɓa yarda da tayin farko ba. Ranar na ce mata na sallama.

Yau shekara bakwai ke nan. Matar nan ita ce ɗalibai ke kira Mai Makulli, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki a laburaren jami'ar da nake da shagon fotokwafi a gindin matakalarsa. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma na daɗe ina kallon masu karatu, na kuma san wanda ake yi wa taro da wanda ake wucewa ta gabansa. Ita wucewa ake yi. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ƙarfe bakwai da rabi take hawa matakalar nan, da filas ɗin shayi a hannu ɗaya da damin makullai a ɗayan. Ofishinta ɗan ɗaki ne a ƙarshen baranda, tebur ɗaya, kwamfuta biyu, kujerar baƙo da ƙafa ɗaya ta gajarce aka tokare ta da kwali, sai fanka mai kuka kamar ana yi mata dole. Littattafan da take tsaro ba a kan kanta suke ba. Suna can a intanet, a rumbun wani kamfani da ke tara maƙalun bincike na masana. Jami'a ke biya duk shekara, kowane ɗalibi da malami a buɗe masa asusu, a ba shi kalmar sirri da zai shiga da ita. Kalmar nan ita take kira makulli, kuma daga nan sunan ya bi ta. Ita ke buɗe asusun sababbi, ta rufe na waɗanda suka gama, ta gyara wa wanda ya manta. Maƙalar da ba ta cikin abin da jami'a ta biya kuwa, ita ke da ikon sayenta.

Abin da kowa ya fi tunawa da ita shi ne kujerarta. Duk wanda zai buga kalmar sirrinsa, sai ta juya kujerar ta fuskanci taga, ba za ta waiwayo ba sai ya ce ya gama. Akwai wani farfesa, dattijo mai tumbi da saurin fushi, da ke manta tasa kusan kowace Litinin. Rannan ya gaji ya ce, "Ke don Allah riƙe min ita mana, ni kaina ya cika." Ta ce, "Ranka ya daɗe, makullin gidanka ma ni za ka ba?" Ya ce, "Wannan ai Hajiya ce ke riƙewa." Ta ce, "To wannan ma a kai wa Hajiya." Shi da kansa ya sauko shagona yana ba ni labari, yana dariya har da tari.

Sayayyarta kuwa, ni ɗan kasuwa na sara mata. Ɗalibi zai shigo a guje ya ce a saya masa maƙala kaza, gobe zai miƙa aiki. Sai ta ce ya zauna su karanta taƙaitaccen bayanin da ke samanta tukuna. Sau da yawa kafin su kai ƙarshe yaron ya fara sosa kai, don taken ne kawai ya ruɗe shi. In ta tabbata ita ce, sai ta duba ko akwai inda marubucin ya ajiye ta kyauta. In babu, ta aika masa wasiƙa ta roƙa. In ya yi shiru, ta tambayi takwarorinta na wasu makarantu. Sai duk wannan ya gagara take saye, kuma ta saya ta yadda na bayansa ma zai samu. Farfesan nan ya taɓa aiko mata da jerin maƙala arba'in. Ta saya masa huɗu, ta ce in ya gama karanta su ya aiko a ƙaro. Har yau bai aiko ba.

To ga yadda na shiga hannunta.

Auta, 'yata ƙarama, tana digiri na biyu a lokacin, tana bincike a kan ruwan rijiyar da ke ɓata haƙoran yara. Ita ce ta farko a gidanmu da ta kai nan. Da kwamfutar shagona take aiki in ta fito daga aji, kuma don kada ta manta, sai ta rubuta kalmar sirrinta a bayan kalandar bango. Ni kuma kullum ga ɗalibai na zuwa suna kukan maƙala ta yi musu tsada, ko layin ofishin Mai Makulli ya yi tsawo. Na yi tunani irin nawa. Na ce ai wannan kamar tsanin maƙwabci ne, in ka hau ka sauko ba abin da ya ragu a jikinsa. Na fara sauke musu, ina karɓar kuɗin bugawa kawai, ina jin har lada nake samu. Da tawada ta yanke min, na ba mai shagon bakin ƙofa kalmar ya ba ni kwalba biyu. Shi ya ba ƙaninsa. Ƙanin ya ba wanda ban sani ba.

Kwana goma sha biyu aka yi. Ranar wata Alhamis da safe, duk jami'a aka wayi gari ƙofa a rufe. Kamfani ya ga asusu ɗaya ya sauke maƙala dubbai daga wurare daban-daban, ya datse kowa da kowa, daga farfesa har ɗan aji ɗaya, a daidai lokacin da masu kammalawa ke rubuta kundinsu. Sunan da ke kan asusun na Auta ne. Dokar makaranta kuwa a fili take, wanda aka samu ya raba makullinsa korarsa ake yi. Saura mata wata biyu ta kare bincikenta a gaban malamai.

Ta dawo gida ta zauna a ƙofar kicin ko mayafi ba ta cire ba. Uwarta na tambaya, ita tana cewa, "Wallahi Umma ban ba kowa ba." Ina jin su daga ɗaki. Ban fito ba. Wannan ma na rubuta shi ne don a san irin mutumin da Mai Makulli ta zo ta samu.

Washegari ta sauko shagona. Na tambaye ta yadda aka yi ta gane ni ne. Ta ce, "Shekara biyu ina ganin abin da yarinyar nan ke karantawa, ruwa da haƙori, haƙori da ruwa. Rana ɗaya ta koma karatun gina gada da cutar kaji da shari'ar gado? Sannan a kwanakin farko asusun nan ƙarfe takwas yake tashi, ya huta da azahar, ya kulle ƙarfe shida. Baba, mutum ɗaya na sani a makarantar nan mai wannan lokacin." Daga nan ne na fara tayin fotokwafi, kun kuwa ji yadda ta kaya.

Takardar da na rubuta layi tara ce, na yi awa biyu a kanta. Na roƙe ta ta gyara min rubutun, ta ƙi. Ta ce in ya yi kyau da yawa za a ce wani ya rubuta min.

Ranar Laraba na tsaya gaban mutum biyar a wani ɗaki mai dogon tebur. Auta na gefe, ba ta ɗago ta dube ni ba. Na faɗi abin da na yi, har da kwalba biyun. Shugaban kwamitin ya ce ko da hakan ne, ita ta rubuta a bango, sakacinta ne. Sai Mai Makulli ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, in za a kori duk wanda ya rubuta makullinsa a inda bai kamata ba, a ba ni izini in zagaya ofisoshin benen nan in ɗaga kalandu da ƙasan tebura. Sai dai ina tsoron ranar Litinin ba mai shiga aji ya koyar." Wani a cikinsu ya yi tari, wata ta sunkuyar da kai tana gyara takardu. Aka ce mu jira a waje.

Gargaɗi aka yi wa Auta. Ni aka ce in kwashe injina daga harabar makaranta na shekara guda. Bayan kwana takwas kamfani ya buɗe ƙofa. Na koma bakin titi kusa da masu faci, ina shaƙar hayaƙin motoci, ina gaya wa duk wanda ya tsaya cewa matar nan ta fi ni iya ciniki, ta tashi ba ta yi asarar ko allura ba.

Haka na yi ta faɗa, har bayan na dawo gindin matakalata, har zuwa makon jiya. Ta sauko da fayil ɗinta na aiki, za a yi kwafin takardun ritaya. Ina jera su a kan gilashi ɗaya bayan ɗaya, sai idona ya faɗa kan wata mai tambarin makaranta, kwanan watanta mako guda bayan zaman kwamitin nan. Karatuna a hankali nake yinsa, amma ina yi. Takardar gargaɗi ce, da sunanta. Ashe kamfani ya ce ba zai buɗe ba sai an nuna masa ma'aikacin jami'a da aka hukunta. Ita kuwa ta rubuta musu, ta rubuta wa shugabanninta, cewa ofishinta ne bai sa iyaka a kan yawan abin da asusu ɗaya zai sauke ba, kuma ita ya kamata ta lura tun kwana na biyu. Aka ɗage mata ƙarin girma shekara uku.

"Baba, kwafi na ce ka yi, ba karatu ba."

"Malama, wannan ai ba ya cikin cinikinmu."

"Na ce zan san yadda zan yi da kamfani. Ka tambaye ni ta yaya?"

"Amma laifin nawa ne."

"Naka ka biya. Wannan nawa ne, kuma gaskiya na rubuta, ban sa iyakar ba. Yi sauri, ana jirana a sama."

Na ce yau kam ba zan karɓi kuɗin kwafi ba. Ta ajiye shi a kan injin ta hau matakala.

Mai Makulli, ke ce kika san abin da kowa ke karantawa a makarantar nan, ba a taɓa jin sirrin wani a bakinki ba. Ke ce mai juya wa mutum baya don ki tsare masa mutuncinsa. Ɗaruruwa sun sa rigar kammalawa da maƙalun da kika roƙo musu, a shafin godiya sun ambaci iyaye da malamai da abokai, har da masu buga musu aiki irina, ke ba su san sunanki na yanka ba. Ban taɓa jin kin yi ƙorafi ba. Na gode, uwar Auta ta gode. Allah ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya sa 'ya'yanki su samu mai tsaya musu a ranar da ba kya kusa. Wanda zai gaji ɗakin nan, da duk wanda aka damƙa wa makullin jama'a a ko'ina yake, ya je ya zauna da ita kafin ƙarshen wata ya ga yadda ake yi. A canza kujerar baƙon nan, amma tata a bar ta, tana juyawa.

Saura lissafin ciniki, tunda da shi na fara. Auta ta ci riba, yanzu ita ke koyar da wasu, makullinta kuwa ko ni ubanta ban san harafinsa na farko ba. Ɗalibai sun ci riba. Ni na yi asarar shekara guda, na samu 'yata ta dawo tana gaishe ni tana kallon idona, don haka ni ma ban faɗi ba. Mutum ɗaya ne ya yi asara a cinikin nan, ita ce wadda ta kawo tayin. Na ga masu ɓoye aibin kaya iri-iri a kasuwa. Mai ɓoye abin da ta biya, har shekara bakwai, a kanki na fara gani.